Allurar Mai Takaba

Duk wanda ya yi fataucin goro a Agege zamanin da jirgin ƙasa ke tashe ya san Zuliha. A nan aka haife ta, bayan layin dogo. Ubanta tsohon soja ne da ya tuɓe kaki ya kama kiwon tumaki, ita kuwa tun tana 'yar shekara tara aka zaunar da ita gaban kwando tana ware farin goro da ja. Kafin ta yi aure ta kai matsayin da za ta juya goro sau ɗaya a tafin hannu ta ce akwai tsutsa a ciki, a fasa kuma a samu. Fataken Kano da na Sakkwato sun san bakinta, don ba ta raga wa kowa, da Hausa ko da Yarbanci. Arewar da suke ta cika mata kunne da ita kuwa ba ta taɓa takawa ba, kuma ba ta jin ta yi asarar komai.

Abu ɗaya ne ke sa wannan mata ta yi laƙwas: allura. Ga shi kuwa allurar ce ke riƙe da ita.

Tana da shekara arba'in da 'yan kai ƙafafunta suka soma yi mata kamar tururuwa na yawo a ciki, ta ɗashe, numfashi ya riƙa gagararta. Aka sha jiƙe-jiƙe, aka ci hanta har ta ginshe ta. Mijinta Balarabe masinja ne a ɗakin shan magani na ma'aikatan reluwe a Ebute Metta, shi ya kai ta gaban likita. Likita ya ce cikinta ne ya daina tsotsar wani sinadari daga abinci, bitamin ake ce masa, sai dai a riƙa ba ta shi ta allura duk mako biyu har ƙarshen rayuwa. In aka daina, ƙafafun ne za su fara mutuwa.

Balarabe ya koyi yin allurar a wurin abokinsa Abdulganiyu, Bayaraben da ke raba magani a wurin aikinsu. Shekara huɗu yana yi mata a gida. Duk ranar da za a yi, sai ta juya fuska ga bango, ta cusa gefen mayafi a baki, ta runtse ido, in an gama ta wanke shi tas da masifa, shi kuwa yana dariya. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kallon yadda ake yi ba.

Da daminar 1954 zazzaɓin kwana uku ya ɗauke Balarabe. Ba su da ɗa. Yayarsa Inno ta sauka daga Zariya don ta zaunar da Zuliha takaba, ta kuwa zo da dokokinta cike da ƙwarya. Ta ba ta 'yar wuƙa ta ce ta riƙa riƙewa, kamar yadda masu takaba ke yi a garinsu. Ba fita, ba shiga jirgi, ba maganar wani namiji ya ga cinyarta da sunan magani. Limamin unguwa ya aiko cewa lalura ta halatta fita, Inno ta ce a gaishe shi. Gaskiyar magana ma, Zuliha da kanta ba ta son ta gutsure ko yini ɗaya daga wata huɗu da kwana goman nan. Shi ne abu na ƙarshe da za ta yi wa Balarabe, tana son ta yi shi cikakke.

Mako biyu suka wuce, huɗu, bakwai. Tururuwar ta dawo. Ran nan ta tashi za ta ɗebi ruwa a randa, takalmi ya suɓuce daga ƙafarta ba ta ji ba, sai da ta waiwaya ta gan shi a baya. Inno ma ta gani.

“Ai shi ke nan,” in ji ta. “Kina gama takaba mu tafi Zariya. Wa zai bar gurguwa ita kaɗai a Ikko? Akwai ɗaki a bayan nawa.”

Zuliha ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, sai dai haushin ya fi tsoron yawa. Ita ce za a ajiye a ɗakin baya, a riƙa miƙa mata tuwo?

Ranar Asabar Abdulganiyu ya zo gaisuwa. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, labule tsakaninsu, Inno ta kafa kujera a gefe tana gadi. Sai Zuliha ta juya harshe zuwa Yarbanci, wanda Inno ba ta jin ko “zo in kashe ka” a cikinsa. Ta tambaye shi komai, shi kuma ya yi ta jero mata da muryar mai ta'aziyya: a tafasa sirinji da allura, a goga ɗan zarto a wuyan kwalba a karya, a zuƙo, a ɗaga sama a kori iska, a nemi gefen cinya ta waje, a soka a miƙe. Inno na jin an sassauta murya sai ta riƙa cewa, “Amin, amin.”

Da ya tashi tafiya ya kira ta da sunan da ya saba, wato amarya da Yarbanci, ya ce da Hausa, “Iyawo, hannun da ke rawa ma yana iyawa. Kada dai ki rufe ido.”

Washegari da hantsi ta jawo gwangwanin da Balarabe ke ajiye kayan. Ga sirinjin gilashi, ga 'yan kwalabe shida da ruwan magani ja kamar zoɓo. Zarton ne babu, ya tafi a aljihun rigar da aka yi sadaka da ita. Ta dubi wuƙar takabar da ke hannunta, ta goga bakinta a wuyan kwalbar, ta karya. Ƙas! Ashe kunnenta ya san wannan ƙarar. Ya san ƙwanƙwasar da ake yi wa sirinji da farce. Shekara huɗun da ta yi ido a rufe, kunne na nan yana karatu. Wurin ma ba sai ta nema ba, ga 'yan tabban nan a jere a cinyarta.

Sai da ta ɗaga allurar ne hannun ya ƙi. Ta kai ta janye, ta kai ta janye. Gumi ya jiƙa mata wuya. Tana cikin haka Inno ta ɗaga labule.

“Innalillahi! Ke Zuliha, kanki ɗaya kuwa? Mai takaba da soka wa kanta ƙarfe?”

“Yaya, ke kika ba ni ƙarfe in riƙe don abin da ba a gani. Wannan na abin da nake gani ne.”

“Ajiye shi! In kika mutu me zan ce wa mutane?”

“Ki ce musu a Agege na mutu.”

Da Inno ba ta shigo ba, wataƙila da har la'asar tana nan tana kaiwa tana janyewa. Amma Zuliha ba ta taɓa iya ja da baya a gaban mai kallo ba. Ta ce bismillah, ido buɗe, ta soka. Da zafi, ba wai babu ba. Ta danna a hankali har jan ruwan ya ƙare, ta zare, ta danne wurin da auduga. Inno ce ta dafe bango ta sulale ƙasa, sai da aka ba ta ruwa.

Bayan mako biyu ta sake, hannun ya sake rawa, ta sake yi. Har ta tsufa bai daina rawar nan ba, ita ma ba ta fasa ba.

Ranar da takaba ta cika aka yi wanka, aka raba waina. Kwana uku bayan nan Inno ta ɗaure kayanta, ƙunshi guda mai nauyi, har da tukwanen da ta saya a kasuwar Idumota, ta ce a kira ɗan dako.

“Bar shi,” in ji Zuliha.

Ta naɗa gammo, ta ɗora kayan a ka, ta shige gaba. Ba ta bi ta gajeriyar hanya ba, ta tsakiyar kasuwar goro ta ratsa, masu ɗaurin huhun goro suna ɗago kai suna yi mata barka, Inno na biye tana haki. A tasha ta tura ƙunshin ta tagar jirgi, ta ciro manyan goro fari guda goma ta zuba wa Inno a mayafi.

“Yaya, a gaida mutanen Zariya. Ɗakin nan na baya, a zuba kaji.”