Baƙon da Ya Sauka a Bayan Tanko

Habbobata, wato kakata ta wajen uwa, ba ta ba mu tatsuniya a zaune. Tsintar auduga a hawashar mutane, wato gonakinsu na ban ruwa, ta cinye mata baya tun kafin a haife ni, zama kuwa shi ya fi komai ba ta wuya. Bayan isha'i, a ƙauyenmu da ke gabas da Rufa'a, sai ta hura gawayi, ta ɗumama man riɗi ta murza a ƙugu, ta hau zagaya wutar. Mu kuma mu yi ta juya kai muna bin ta har wuya ya gaji.

"Ga ta nan tahe, ku matsa ku ba ta wuri," haka take farawa.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai Tanko da ƙanensa Jatau suna dakon buhunan dawa, sai Ciwo ya zo musu baƙunta. Shi ya sauka a bayan Tanko, ya tura ɗan'uwansa bayan Jatau. Tanko ya hau gado ya miƙe, ya ce kada wanda ya taɓa shi. Da Ciwo ya ji wuri shiru, sai ya shimfiɗa tabarma, ya aika aka kwaso matarsa da 'ya'yansa, suka bazu har cikin ƙafa. Jatau ma ya kwanta, amma da ya ga abin ba sauƙi sai ya tashi yana hawaye, ya dafa bango. Washegari ya kai bakin ƙofa, daga baya har bakin tur'a inda ake ɗibar ruwa. Baƙon nasa ya yi ta gunaguni, wai wane irin gida ne wannan da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ƙarshe ya tattara ya tafi.

"To Tanko fa, Habboba?"

"Shina nan kwance, ɗiyata. Ku tai ku kwana."

Ni kam ba na samun barci. In yi ta juyi, ina jin haushin ta bar mutum a gado ta rufe labari.

Yanzu kisra, siririyar wainar dawa, nake sayarwa a kasuwar garin Madani, kullum a sunkuye kan wuta. Wata safiya na ɗaga bokitin ƙullu, sai na ji wani abu ya tsinke a ƙuguna, zafi ya gangara ƙafar hagu. Na kwanta. Maƙwabta suka yi ta shigowa: wannan ta ce sai an yi aiki, waccan ta ce an yi wa yayarta aikin ba ta sake takawa ba, wata ta kawo mai ƙaho. Wurin zamana a kasuwa ma wata ta fara ajiye kayanta. Ko juyi na daina yi don tsoro.

Mijina Usman ya ɗauke ni a raksha, keken haya mai ƙafa uku, zuwa asibiti. Likita ya duba hoto ya ce ba a kai ga wuƙa ba, ya tura ni wajen masu gashin ƙashi. Wata matashiya, Amna, ta danna nan, ta murza can, ta lanƙwasa mini gwiwa zuwa ƙirji.

"Hala, kwanciyar nan ta isa," in ji ta, don haka ake kiran inna a nan. "Ki riƙa takawa sannu-sannu. In ƙafar ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ki dawo nan take."

"In bayan ya karye fa?"

"Ba zai karye ba. Tashi, ina riƙe da ke."

Muna yara mun ɗauka Tanko rago ne. Sai da na yi tawa kwanciyar na gane tsoro ne ya danne shi, kuma ban ga laifinsa ba. Na kuma gane Habboba ta ɗan yi mana zaƙi a labarin, domin baƙo irin wannan ba kullum yake tafiya ba. Nawa ya ragu, na koma kasuwa, amma yana nan.

Kowace safiya, kafin in sauke ƙafa, sai in ji wani abu na ce mini in ƙara kwanciya kaɗan. Wata rana in fi ƙarfinsa. Wata rana kuwa ya fi nawa, sai Usman ya zo ya tsaya a ƙofa da takalmana a hannu, ya ƙi tafiya.