Bulon Kuɗi da Jar Saniyar Inna

Ni ba mai yawan tuna baya ba ne, domin yawancin abin da ke bayan nawa bai cancanci a tuna shi ba. Amma akwai wani rani guda da ko na so in manta ba zai yiwu ba, tunda kullum da yamma a kansa nake zama. Shi ne ranin da aka juye mini kuɗi a gona, har suka kusa kashe mana saniya.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a wata masaƙa a cikin Kano. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, amma zare da ƙyalle na san su kamar yadda na san tafin hannuna. Rana ɗaya aka tara mu aka ce kamfani ya rufe, kowa ya kama gabansa. Ko sannu ba a ce mana ba. Na kwaso matata da yara na dawo ƙauyenmu, can gefen Getso, na karɓi gonar da ta faɗo rabona. Gonar ta gaji kamar mai ita. Ka shuka gero ya fito rawaya, tsayinsa bai kai ƙugu ba.

A gidanmu Yayana ne ya riƙe kiwo. Duk shekara in an cire amfani, sai ya koro shanu gonata su ci kara, su yi makonni a ciki, su bar mini kashi. Haka muka tarar iyayenmu suna yi. A cikin shanun akwai wata jar saniya, jikar wadda mahaifiyarmu ta zo da ita gidan aure. Inna ta rasu, jinin shanunta duk ya ƙare sai wannan ɗaya. Da aka zo rabon gado babu wanda ya iya buɗe baki a kanta, sai aka bar ta, ba tawa ba, ba ta Yaya ba. Saniyar Inna kawai muke ce mata. A ranin nan tana da ciki.

Ni kuwa gani nake takin shanu ya yi mini kaɗan, kuma ya cika jinkiri. Na ga masu hali suna sayen sharar birni a tifa ana juye musu a gona, sai na ce ni ma ba a baya zan tsaya ba. Na yi magana da wani direba, ya kawo mini lodi guda ana saura kamar wata biyu ruwa ya sauka, shanun Yaya kuma har lokacin suna cikin gonar.

Da ya ɗaga bodi shara ta zubo, sai na ga wasu abubuwa suna gangarowa daga cikinta kamar bulo, masu yawa, an danne su sun yi tauri. Na ɗauki ɗaya na kakkaɓe. Launi ne iri-iri, shuɗi da kore da ruwan ƙasa, an yanka su siri-siri kamar taliya. Na ƙura ido, sai ga rabin lamba, sai ga gefen hular wani mutum da kowa ya san shi a aljihu.

Na ce wa direban, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Kuɗi ne da suka mutu, Baba. In sun tsufa markaɗe su ake yi. A juji na tarar da su, na ce bari in haɗo maka, kai ma ka ɗana arziki."

Na ce, "Shekara goma sha ɗaya ina bin su ba su tsaya ba, sai da suka mutu suka san hanyar gidana."

Ya yi dariya har yana dukan ƙofar mota, ya ja tifarsa ya tafi.

To, a masaƙa akwai yadda muke gane zare. Ka ƙyasta ashana ka kusantar. In auduga ce, za ta ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. In roba ce, za ta nannaɗe ta narke ta yi baƙin ƙulli mai wari. Na ɓantari gefen bulo ɗaya na sa masa ashana. Ya ci lafiya lau, ya bar toka fara-fara, na murza ta baje a yatsa. Auduga ce tsantsa. Daɗi ya kama ni. Auduga ai daga ƙasa ta fito, ƙasa za ta koma. Bulo ɗaya na gwada, kuma a kan wannan ɗayan na yanke wa sauran duka hukunci. Ko a masaƙa, wanda ya duba bandir ɗaya ya sa hannu a kan lodi, korarsa ake yi. Na sani sarai, amma ban tuna ba.

Rabin bulon na farfasa na watsa a gona. Sauran na jera su a gindin ɗorawar da ke bakin gonar, hawa uku, na yi wa kaina kujera. Ba zan ɓoye ba, kwanakin nan na ji daɗinsu. Labari ya bazu har Sabon Birni, mutane suka riƙa zuwa kallo. Wani ya zauna a ɗauke shi hoto, wani ya tsinci gutsattsari ya ce zai je ya liƙa su da ƙaro ko Allah zai sa ɗari biyar ta fito. Abokan hirata suka sa mini suna Gwamnan Banki. In sun zo wucewa sai su rusuna su ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka mana da bulo ɗaya mu yi cefane." Ni kuma in harɗe ƙafa in ce su dawo Litinin, manaja ba ya nan. Matata ma da ta kawo mini fura cewa ta yi, "Malam, ashe dai zan ga ranar da za ka zauna a kan kuɗi. Saura ka tashi da su."

Yaya kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya zo ya ɗauki bulo ɗaya ya shinshina, ya ajiye, ya goge hannu a riga.

Ya ce, "Wannan abu gumin mutane ne a jikinsa, da manja, da gishiri. Shanu za su ɗauka kanwa ce. Bari in mayar da su gonata."

Raina ya ɓaci, domin in ya kwashe shanun na rasa kashin makonni. Na ce, "Yaya, kiwo naka ne, ban taɓa yi maka musu ba. Amma auduga tawa ce. Ba angurya kake saya musu da kuɗinka ba? To wannan uwar angurya ce."

Ya dube ni ya ce, "Kai ka yi boko, kai ka yi kamfani. In ka ce auduga ce, auduga ce." Ya bar shanun.

Gaskiyarsa ce, sun ɗauka kanwa ce. Na sha ganin saniyar Inna a gindin ɗorawa tana lasar kujerata, tana ɓantara tana haɗiyewa. Mai ciki ce, kwaɗayin gishiri ya fi damunta. Har tsokanarta nake yi, ina cewa, "Ci abinki, Hajiya, a zuriyarmu ke kaɗai kika ci kuɗi kika ƙoshi."

Bayan kamar mako uku ta daina tuƙa. A sa mata dusa ta shinshina ta kau da kai. Cikinta ya kumbura ta gefen hagu, sauran jikin kuma yana zubewa, ƙashin baya ya fito. Yaya ya ba ta jiƙo, ya ba ta man gyaɗa, babu canji. Wata safiya na isa gona na tarar ta kwanta ta miƙe wuya, ga Yaya a tsaye, ga mahaucin garinmu ya jingine babur yana kallonta irin kallon da mahauta ke yi.

Yaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gara a yanka ta tun da ranta, kada ta tafi mushe."

Na ce a ba ni zuwa azahar. Mahaucin ya ce, "In ta kai azahar ɗin." Na ari babur ɗin shi mahaucin, ko kunya ban ji ba, na kama hanyar Gwarzo. Na samo wani likitan dabbobi, mutum ne gajere marar yawan magana. Ya zo ya danna cikinta da dunƙulen hannu, hannun ya shiga ya bar rami kamar an danna ƙullin tuwo. Ya ce akwai abin da ya cushe a tumbinta, sai an yanka an ciro. Ya ce ba zai yi mana alkawarin komai ba, ko ita ko abin da ke cikinta.

Yaya ya ce, "A farka cikin saniya tana da rai, kuma ta tashi?"

Likita ya ce, "Wasu suna tashi, Alhaji."

Na ce, "Yaya, ka bari a gwada. In ta mutu, ni na kashe ta, ka faɗa wa kowa haka."

Ya ce, "Ko ban faɗa ba."

Mu huɗu muka tayar da ita da ƙyar, muka ɗaure ta a jikin ɗorawar, dab da kujerar tawa. Likita ya aske gefen cikinta, ya yi mata allurai, ya tsaga. Ni na riƙe kanta. Numfashinta mai zafi yana dukan ƙirjina, idonta a kaina, ni kuwa na kasa kallonta. Likita ya zura hannu har kafaɗa ya fara zaro abu yana jefawa a daro. Ledar shara ce da ta tsinta cikin takin, ta nannaɗe da wasu tarkace masu sulɓi, dunƙule bayan dunƙule, har daro ya cika aka kawo bokiti. Da aka zuba ruwa a kai, sai ga launi ya fito tas, kore da shuɗi, kamar yau aka buga su. Mako uku a cikin tumbin saniya, ko kwarzane ba su yi ba.

Na sa aka karɓe ni a riƙon, na ɗauki ɗan guntu kore, na goge, na ƙyasta ashana. Ya nannaɗe, ya narke, ya ɗiga mini a yatsa ya ƙona ni. Warin nan na masaƙa da na sani. A nan na tuna abin da yaron goye ma ya sani: ƙananan kuɗi, su naira ashirin da hamsin, ai na leda ne. Kullum suna hannuna, su kaɗai ne ma kuɗin da suka saba da ni. Na gwada na manya, waɗanda ba na riƙewa, na manta da nawa.

Na nuna wa Yaya baƙin ƙullin. Na ce, "Ba duka ne auduga ba. Ɗaya na gwada."

Ya ce, "Na gani. Koma ka riƙe mata kai."

Likita ya ɗinke ta. Tunkiyar matata ce ta tafi a biyan kuɗin aikin, kuma har yau in mun yi faɗa sai ta tayar da maganar. Kwana biyu saniyar ba ta ci komai ba. A na uku da hantsi ina zaune kusa da ita sai na ji wani ɗan gurnani, na duba, bakinta yana juyawa a hankali. Tana tuƙa. Yaya yana can gefe yana gyara igiya, ya ɗago ya kalla, ya ce, "Alhamdu lillahi," ya ci gaba da igiyarsa. Da ruwa ya sauka ta haifi maraƙa, ja kamar uwarta.

Saura kuma bulon. Na so in cinna musu wuta in huce, na fara da guda biyu. Hayaƙin da ya tashi baƙi ne mai kama maƙogwaro, ya bi iska ya shiga gidan wani maƙwabcin gonar, tsohuwarsa ta yini tana tari. Na kashe. In binne su, garma za ta tono su. In mayar juji, wani direban zai kai wa wani wawan. Na zauna ina kallonsu, sai na tuna magudanar bayan masaƙarmu, yadda ruwan rini ke fita yau ja gobe shuɗi yana gangarawa rafi, mu kuwa ko a jikinmu. Waɗannan ma haka aka yi su. An noma auduga, an sha ruwa, an zuba rini, an narka roba, can wani wuri wani rafin ya ɗauki nasa rabon. Sun yi yawonsu a hannun mutane, da suka gaji aka rasa inda za a kai su, sai cikin saniyar Inna.

Abin da na yi a ƙarshe, na kwashe su a amalanke na kai ƙofar gida, na jera, na sa magini ya lulluɓe su da siminti ta ko'ina. Dakalin da ke ƙofar gidana ke nan. Wanda na riga na watsa a gona kuwa, ni da matata muka bi da rariya muna tankaɗe ƙasa har hannu ya yi kanta. Na audugar ya ruɓe tuntuni, gero ma ya yi kyau a wurin, ba zan yi masa ƙarya ba. Na ledar har bana in ana huɗa sai garma ta juyo ɗan kore yana ƙyalli. In tsuguna in tsince in sa a aljihu. Shekara biyu Yaya bai kawo shanu gonata ba. A ta uku ya zo da kansa ya bi kunyoyinta ɗaya bayan ɗaya yana tona ƙasa da sanda, washegari sai ga shanu, jar saniya a gaba da 'yarta.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Ɗan sanin da nake taƙama da shi gaskiya ne, amma rabi ne, kuma da shi na rufe bakin wanda ya fi ni gani. Na kuma gane babu wani wuri da ake kira "an zubar". Duk abin da aka ƙera, in an gama da shi, gonar wani yake tafiya ko cikin dabbar wani. Yanzu in an miƙo mini canji a kasuwa ba na dunƙule shi in cusa, lallaɓa shi nake yi ya daɗe a raye, domin na ga inda gawarsa ke zuwa. Da yamma kuma in hau dakalina in harɗe ƙafa. Masu wucewa har yau Gwamna suke ce mini, ni kuma ina amsawa.