Bangon da Ke Ajiye Rana

A kakar bara Yaya Sale ya kira ni a waya, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce zai rushe ɗakin Iya. Wai yana buƙatar wurin tara riɗi da zoɓo kafin ya kai su Maigatari, har an sauke bulo a ƙofar gida. Na ce to, don ba a musu da Yaya a waya, amma ranar tuwo bai ciwu ba.

Iya, Allah ya jiƙanta, kakarmu ce, mahaifiyar Baba. Ɗakinta soro ne na tubali da rufin azara, a ƙauyenmu kusa da Gagarawa, shi kaɗai ya rage na ƙasa a duk gidan. A gindin bangonsa na yamma muka sha tatsuniya. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i sai ta hura 'yar wuta da kara, amma ba ta barinmu mu kewaye ta.

"Wuta ta tsofaffi ce," in ji ta. "Ku je ku jingina da bango, an ajiye muku naku a can."

Da gaske kuwa, bangon da ɗumi kamar bayan uwa. Yaya Sale, da manyan kunnuwansa, kullum shi ke riga kowa kama tsakiya, ya baje kafaɗu ya ture ni gefe. Iya takan ce, "Kai maigidana, matsa wa ƙanwarka, bangon ya ishi kowa." Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe da ƙafarta." Mu kuma mu ce ta iso mu ji.

Wadda na fi so ita ce ta tsohuwa da Rana. Wai a da, in Rana ta tafi gida da yamma takan kwashe zafinta kaf, yara su kwana suna makyarkyata. Wata tsohuwa mai jikoki da yawa ta tare ta a hanya, ta roƙe ta ta riƙa barin ɗan kaɗan. Rana ta ce ba rowa take yi ba, abin zubawa ne babu. Tsohuwa ta kawo ƙwarya, ƙwarya ta ƙone. Ta kawo tabarma, ta zama toka. Sai ƙarfe ya zo yana buga ƙirji, ya karɓe zafin duka nan take har ba ya taɓuwa, amma kafin Rana ta ɓace ya zubar da shi, ya fi kowa sanyi. A nan Iya takan yi tsaki, ta harari kwanon rufin ɗakin Baba.

Can sai jar ƙasa ta yi magana a hankali. Ta ce a kwaɓa ta da ciyawa, a tattaka ta, a gina ta da kauri daga ƙasa tana sirancewa zuwa sama, ita za ta riƙa sha kaɗan-kaɗan da rana, ta bayar kaɗan-kaɗan da dare. Sharaɗinta ɗaya, a riƙa shafa mata baya da sabon yaɓe kafin kowace damina. "Shi ya sa," in ji Iya, "ɗakina sanyi da rana, ɗumi da dare. Tatsuniya ta tafi barci, saura ku."

Yau ina koyar da tarihin gine-gine, kuma na daɗe ina shan wahalar ɗalibai. In na fara zancen tubali da azara sai hamma ta cika aji. Wani ma ya taɓa ce mini, "Malama, wannan ai ginin talauci ne." Haushi ya sa na zauna na zana tatsuniyar Iya hoto bayan hoto, kowane a akwatinsa, magana na fitowa daga bakin Rana da ƙarfe, ga bangon an tsaga shi ana ganin kaurinsa. Ranar da na raba musu shafukan, masu hamma ne suka fi kowa gardama a kan ko wane kauri ne zai riƙe zafi har asuba.

Da waɗannan shafukan na tafi gida, da niyyar in zana ɗakin ta kowane gefe kafin ya faɗi. Ban roƙi Yaya komai ba, na san halinsa. Da yamma ina zaune ina zane ya zo ya ɗauki shafukan yana juyawa, yana dariyar yadda na yi wa ƙarfe tumbi. Da ya kai na ƙarshe sai dariyar ta ɗauke. Yara ne jere a gindin bango, ga wani a tsakiya ya baje kafaɗu.

"Ke, waɗannan kunnuwan na waye?"

"Kai ka sani, Yaya."

Bayan magariba na hango shi, ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya zauna a ƙasa ya jingina da bangon, a tsakiya kamar kullum. Ya daɗe a haka, sannan ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Har yanzu tana ajiyewa."

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar a kan ƙasa da ƙarfe take. Sai a yammacin nan na gane Iya ma haka ta yi da mu, ta ɗura mana abinta kaɗan-kaɗan, ga shi yana fitowa bayan ranarta ta daɗe da faɗuwa. Na yi kewarta har na share hawaye da mayafina.

Bulon ya koma bayan gida, can aka gina ɗakin riɗin. Kafin damina Yaya ya sake kirana, wannan karon ma ko gaisuwa ba mu gama ba.

"Ke malamar gini, ciyawa nawa ake sa wa yaɓe?"