Kofuna Masu Doguwar Ƙafa

A gidanmu na Ringim kowane abin sha da mazubinsa. Ruwan randa da moɗa ake sha, fura a ƙwarya da ludayi, shayi kuma a kofin silba mai ƙona leɓe. Iya sanina ke nan lokacin da na zo Dutse aiki, bayan an ƙirƙiro jiha, na kama haya a Yalwawa.

Maƙwabcina Kirista ne daga Filato, ma'aikacin gwamnati, ya girme ni sosai. Ranar sunan 'yarmu ta fari, matarsa ta kawo wa maiɗakina kofunan gilashi masu doguwar ƙafa siririya. Ba mu taɓa mallakar irinsu ba. Maiɗakina ta jujjuya su, ta ce na zoɓo ne, domin a cikinsu jansa zai fi fitowa. Tun daga nan, in an yi la'asar, ni da shi mukan zauna a ƙofar gida a kawo mana zoɓo mai sanyi a ciki. Yakan tsokane ni wai na riƙe kofi kamar ludayi, ya nuna mini a ƙafar ake riƙewa don kada ɗumin hannu ya kashe sanyin. Shekaru muka yi a haka.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, sai na lura gaisuwar da ake yi mini a masallaci ta gajarce. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ja ni gefe, ya ce waɗanda suka san manyan otal na Kano sun shaida kofunan, na giya ne, kuma abin da ake hangowa a ciki ja ne. Na ce masa zoɓo ne. Ya ce ya yarda, amma shi kaɗai ne ya zo ya tambaya.

Ban gaya wa maƙwabcina ba, amma maganar ta kai masa. Ya zo da kwali a hannu, ya ƙi zama.

"Malam, a haɗo mini kofunan nan. Madam za ta yi baƙi."

"Oga, kyauta ce fa."

"Na sani. Ni ina da garin da zan koma. Kai kuwa mutanen nan ne za su sallace ka."

Maiɗakina ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya a tsohuwar jarida.

Washegari na sa aka zuba zoɓo a kofunan roba, na leƙa na kira shi. Ya amsa daga tsakar gidansa cewa likita ya hana shi sukari. Ban san shi da wani ciwo ba.

Bai sake zama a ƙofar gidana ba. Mukan gaisa a tsaye, a tambayi iyali, kowa ya wuce. Da damina ta ƙare aka yi masa canjin wurin aiki. Ina ofis motar kayansu ta tashi.