Mutumin da Ya Daina Tara wa Tsufa

Yau ake rufe karɓar takardun haraji a Meknas, layi har waje. Nazha tana bayan tebur, tana duban mutumin da ke gabanta. Bai fi hamsin ba, amma kwat ta yi masa yawa, bel ɗinsa da sababbin huji, da gani da ƙusa aka huda. Ya zo sanarwa ne cewa ya daina zubi a asusun fansho.

"Sidi, rangwamen harajinka zai tafi fa," in ji ta. "Ga tsufa yana tafe."

Na bayansa suna tsaki. Yana miƙo takardar, warin asibiti ya bugi hancinta. Ta ji ina ma ta haɗiye maganar.

"Rubuta kawai, 'yata. Tsufan na bar wa masu rabo."