Tsallen Ɗanliti da Ba a Auna Ba

An haifi Ɗanliti a Kwarin Gawo, wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Zakirai, a shekarar samun mulkin kai ko wadda ta biyo bayanta. Dattawan gidansu ba su daidaita a kan wannan ba. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gona guda a bayan gida, wadda ta sha taki tun zamanin kakanni, shi da yayansa Nababa suna noma ta tare. A wannan yanki gona tana jikin gona ne, babu dajin da za a sare, saboda haka wanda ya rabu da tasa ba ya sa ran samun wata.

Abin da aka san Ɗanliti da shi tun yana saurayi shi ne tsallaken kunya. Idan an gama girbi an kwashe kara, samari sukan taru da la'asar a gonar da aka share, mutum ya taho da gudu ya daka tsalle, a ƙirga kunyoyin da ya haye. A ƙauyukan da ke kewaye babu wanda ya taɓa kamo shi.

A daminar 1983 ruwa ya yi ƙaranci, gero ya tsaya bai cika ba. A cikin wannan damina ce Malam Abdulƙadir, malamin firamaren ƙauyen, ya kunna rediyonsa a dandali, aka ji sakamakon gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya da ake yi a birnin Helsinki. Mai labarai ya ce wanda ya zo na ɗaya a dogon tsalle ya wuce mita takwas.

Nababa ya ce, "Malam, mita takwas ɗin nan kunya nawa ke nan?"

Malam Abdulƙadir ya yi ɗan tunani, ya ce, "Za ta kai goma."

"To, ai Ɗanliti takwas yake hayewa, ba takalmi, kuma cikinsa ba komai sai koko."

Wani dattijo ya ce, "Ku ba shi takalmin nasu ku gani. Sai dai a je Gezawa a tsinto shi."

Aka yi dariya, aka watse. Amma da kaka ta zo, abin da aka samu bai kai rabin rumbu ba, kuma gidan yana da bakin ci da yawa. Kafin tsakiyar rani Nababa ya kira ƙanensa ya shaida masa cewa wani ɗan kasuwar hatsi na Dawanau yana son gonar bayan gida, kuma in wata hanya ba ta ɓullo ba kafin bazara, zai sayar. Ɗanliti ya ce, "Yaya, a ɗan saurara mini." Dalilinsa shi ne Malam Abdulƙadir ya ji cewa wani kamfanin saƙa a Kano zai gwada 'yan wasa, wanda duk ya yi fice a ba shi aiki da albashi, ya riƙa wakiltar kamfanin a gasa. Albashin wata-wata zai sayi hatsin da zai riƙe gidan har wata kakar ba tare da an taɓa gona ba.

Malam Abdulƙadir ne ya raka shi birni. A filin gwajin an bayyana masa ƙa'ida: zai yi tsalle uku, dole ya tashi daga kan wani farin katako ba tare da ya zarce shi ba, zai sauka a ramin yashi, kuma daga sawun da ya bari a yashin za a auna. A tsalle na farko ya zarce katakon, aka soke. A na biyu ya ji tsoron katakon ya tashi tun da nisa, awon bai taka kara ya karya ba. A na uku ƙafarsa ta sauka daidai, ya tashi, kuma duk waɗanda suka halarta sun yarda cewa ya wuce inda sauran suka sauka.

Da ya miƙe sai ya waiwaya ya ga ramuka biyu da dugadugansa suka yi a yashi mai laushi. Mutumin da tun yana ƙarami yake bin bayan mai sungumi ranar shuka, yana jefa iri yana rufewa da ƙafa, ba ya wuce buɗaɗɗen rami a ƙasa mai taushi. Kafin mai igiyar awo ya iso, Ɗanliti ya ja ƙafar dama ya rufe ramukan, ya danne da diddige.

Malam Abdulƙadir ya ɗora hannu a ka, ya ce, "Ɗanliti, me ka shuka a nan?"

Malamin ya roƙi alƙalan gwajin su ba Ɗanliti tsalle na huɗu. Babbansu ya amsa cikin mutunci cewa ya ga tsallen da idonsa, amma ba ya iya rubuta abin da ba a auna ba, kuma in ya ƙara wa mutum ɗaya dole ya ƙara wa kowa. Aka ɗauki wani. A Kwarin Gawo akwai masu cewa tsallen ya kai mita bakwai, akwai masu kai shi gaba da haka. Malam Abdulƙadir, wanda ya fi kowa kusa da ramin, bai taɓa yarda ya faɗi adadi ba.

An sayar da gonar kafin saukar ruwa. Mai sayen ba mazaunin ƙauyen ba ne, saboda haka ya aiko yana neman 'yan'uwan biyu su riƙa noma masa ita ƙwadago. Nababa ya ƙi, kuma bai sake taka ta ba har ya rasu. Ɗanliti kuwa ya karɓa. Da rani yana dako a kasuwar Dawanau, da damina yana gonar, haka har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa Hure, wadda take raye har yanzu, ta ce ta taɓa tambayarsa yadda zuciyarsa take jure noma wa wani gonar ubansa. Ya ce mata, "In ban karɓa ba, wani zai zo ya yi mata huɗa a karkace."