Neman Madacin Baba

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar unguwarmu Sheshe, neman dashen madaci ɗaya tak. Ni na sa aka sare na tsakar gidanmu lokacin da Baba yake kwance a asibiti, wai saiwarsa na tsaga katanga. Na dasa darbejiya a gurbinsa, a ganina ai duk ɗaci ne. Baba bai yi mini faɗa ba, ya dai daina zama a tsakar gida. Shekara uku abin yana cina.

Ƙofar Dawanau

Adaidaita ta sauke ni wajen masu sayar da dashe.

"Madaci, Malam? Wa ke dasa shi yanzu? Ga darbejiya, ɗari uku," in ji wani mai lambu. Ya ce in gwada garin Tudun Wada.

Tudun Wada

Bas ta tashi ƙarfe takwas. Shingen jami'an tsaro huɗu muka wuce kafin Kwanar Ɗangora, inda na karya da ƙosai mai sanyi. Sha ɗaya da kwata muka isa.

Aka haɗa ni da wani tsohon malamin daji, Malam Bukar. Ya jera ganye biyu a tafin hannunsa, na madaci da na darbejiya.

"A wajen masana danginsu ɗaya, amma jinsi daban. Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, ko ba ka dasa ba tsuntsu zai dasa maka. Madaci namu ne, kuma yana cikin itatuwan da ake fargabar ƙarewarsu. Masu katako su sare, masu magani su ɓare shi har ya bushe a tsaye."

Kunya ta hana ni faɗa masa abin da na yi. Ya ba ni dashe a leda, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, ya ƙi karɓar ko sisi. Allah ya saka masa.

Gida

Bayan la'asar na shigo Sheshe lafiya, alhamdu lillahi, dashen a rungume. Baba ya tsinki ganye ya tauna.

"Shi ne. Yaushe zai yi inuwa?"

"Zai ɗan jima, Baba."

Ya haura tamanin, mu duka mun san abin da nake nufi. Ya daɗe yana shafa ledar.

"Dasa shi, Sani. Wancan mahaifiyarka ce ta dasa, Allah ya jiƙanta, shekarar da ta haife ka. Na ɗauka ka sani."